A Gaida Mai Karatu

Unguwar Gobarau,
Birnin Katsina,
14 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga Yaya Madina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan sallama da gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda za ta iske ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk wanda ke cin tuwon gidanki a Fatakwal. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya kare ku a baƙuntar da kuke, Ya nuna mana azumin nan da ke tafe muna masu rai da imani. Ya ruwa, ko har yanzu bai ɗauke muku ba? Ya kuma idon naki? Da ɗanki Sagir ya zo Babbar Sallah ya ce mini gilashin da likita ya ba ki bai tsinana komai ba, rubutu in ba manya-manya ba ne sai dai a karanta miki. Na ce masa ai dama ke da gilashi ba za ku shirya ba, tun da kin ɗauke shi kayan ado, sai za a je biki kike tunawa da shi. Ki daure ki riƙa sawa, ki kuma bar tsintar shinkafa da yamma, kina da masu yi miki. Allah Ya sawwaƙe, Ya sa kaffara ne.

Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Na samu hutun shekara daga wurin aiki, shi ne na tattaro na baro Sakkwato na zo gida wajen Inna. Maigidan da yara suna can sai an tashi makaranta. Inna jiki da sauƙi, ƙafar ce dai da ta saba, amma bakin nan nata bai rage komai ba. Jiya ma sai da ta gaya mini wai furata ta ma'aikata ce, an dama ta ana duba agogo. An yi kaka mai albarka, sabon gero ya cika kasuwa. Damina ta ɗan taɓa katangar zaurenmu ta gabas, an yi mata yaɓe. Gari kuwa, Yaya, ba za ki gane shi ba. Tun da sojoji suka koma bariki kowa ya zama ɗan siyasa. Hotunan 'yan takara har yanzu suna manne a bangon gidajen Ƙofar Sauri, ruwa ya wanke rabin fuskokinsu, 'yan kabu-kabu kuwa kafin su sauke ki sun gama rabon muƙaman gwamnati kaf. Jamilu ɗan Audu tela, wanda kike kora daga kan gwaibarmu, shi ne kansilanmu yanzu, in kika gan shi cikin babbar riga sai kin rusuna. Wancan karon da aka miƙa wa farar hula mulki ina bautar ƙasa, muka yi ta murna kamar an gama wahala ke nan. Wannan karon murnar tawa da addu'a take tafe, Allah dai Ya sa abin ya ɗore.

Takardarki ta same ni tun ina Sakkwato, ban kuma san sau nawa na karanta ta ba. Rubutun Sagir na gani a jiki, kin ce kin tare shi ne ya rubuta miki kafin ya koma bakin aikinsa a Kalaba. Kin ce 'yarki ta sayi fom ɗin jarrabawar shiga jami'a, ta cike komai da komai, saura gurbin zaɓin makaranta da kwas. Kin ce ta kafe a kan jami'armu za ta sa a zaɓi na farko. Da aka gaya mata ba mu koyar da zanen gine-gine, abin da take mafarki tun tana 'yar mitsitsiya, sai ta ce to ta haƙura da shi, a ba ta ko labarin ƙasa ne, ita dai Sakkwato. Kin tambaye ta dalili ta sunkuyar da kai. Kin kuma ce dole a mayar da fom kafin a kama azumi, don haka in yi magana a matsayina na wadda ta daɗe a ofishin ɗaukar ɗalibai. To Yaya, kin iya ɗora wa mutum kaya. Ke kin san dalilin, ni ma na sani, ita ma ta san mun sani. Yarinyar da ta tashi a garin ruwa da kifi, me za ta yi marmari a Sakkwato, zafin rana? Ni take nema, ba wani abu ba.

Ni na haife ta, ita ce ta fari, ke kuma kika zo har ɗakin nan da nake zaune yanzu kika goya ta ranar da aka yaye ta, kika tafi da ita kamar yadda aka saba a gidanmu. Tun daga ranar suna har yau bakina bai taɓa kama sunanta ba. 'Yar Yaya nake cewa, ko waccan, in ta kama dole in ce ke. Ita kuma Anti take ce mini, daga nan ba ƙari. 'Yan bokon da nake aiki da su suna mamaki, wai mace mai digiri tana kunyar 'yar fari. Na ce musu digirin da girmana na samo shi, kunyar kuwa a nono na sha ta. Abin dariyar ma a ofis yake. Kin san lokacin rajistar sababbin ɗalibai ni ke zama bakin taga ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya, mai suna ya matso a duba takardunsa. To sunan nan nata ba ya wuyar samu, kowace shekara sai an kawo mini masu shi. Da na hango shi yana tahowa a ƙasan layi sai tari ya kama ni, in tura wa abokin aikina Malam Yari takardar in ce maƙogwarona ya bushe. Shekarar farko ya ɗauka gaske ne, har ya aika a sayo mini lemo. Da yake Bakatsine ne, mutumin Kambarawa, bai daɗe ba ya gano ni. Yanzu kafin ma in yi tarin ya miƙo hannu, ya kira sunan da ƙarfi yana jan sa, yana kallona ta gefen ido. Ki duba mini fa, in takwarorinta kawai suna sa ni tari, ranar da mai sunan da kanta ta tsaya a tagar nan ai sai an kira mini motar asibiti.

Bari in fara da maganar ma'aikaciya, tun da ita kika nema. Na daɗe a tagar nan, Yaya, na ga yara iri-iri, kuma abin da na lura shi ne kaɗan ne ke zaɓen jami'a saboda karatun. Wani don abokinsa can ya nufa, wata don wanda take so yana aji biyu a can, wani kuma don sunan makarantar ya yi wa babansa daɗin faɗa a majalisa. Bana ma ga sabon salo, katin 'yan siyasa. Da can takardar soja ake zuwa mana da ita, guntuwa, ko gaisuwa babu. Yanzu kati ne mai ruwan zinariya, an rubuta a bayansa a taimaka wa mai ɗauke da wannan, alhali ko abin da yaron ke son karantawa ba a tambaye shi ba. Ni dai aljihun tebur nake zuba su. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu makin kirki da suka shigo da ƙafarsu amma da dalilin wani. Su ne ke dawowa tagar bayan shekara, fuska a yamutse, suna neman canjin kwas, ga shi ƙofar canji ƙunci gare ta. Wanda bai samu ba haka zai ja ƙafa ya gama, ya karɓi takardar abin da bai taɓa so ba, ya je ya yi ta aikinsa har furfura. Akwai wata yarinya daga Gusau da ba na mantawa. Hannunta na zane ne, duk takardar da ta miƙo mini in na juya bayanta sai na ga hoton wani abu, ko tsuntsu ko fuskar masinjanmu. Amma karatun shari'a ta zo yi saboda yayarta tana nan. Yayar ta gama ta yi aure ta tafi tun yarinyar tana aji biyu, aka bar ta da manyan littattafan da ba ta ƙauna. Ta gama lafiya, ban ce ba ta gama ba. Sai dai ranar da ta zo karɓar sakamako na juya takardarta don sabo, na iske bayan fari fat.

Shi ya sa kullum nake gaya wa iyaye su yi irin abin da Baba ya yi mini, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ke kina Fatakwal lokacin, ba ki ga wannan ba. Da takardar samun gurbina a Zariya ta zo, babu irin maganar da ba a yi a unguwar nan ba, wai Malam zai kai 'ya mace cikin maza. Baba kuwa sai ya shirya. Ya naɗa rawaninsa ya shiga motar Zariya shi kaɗai, ya yini a cikin jami'ar yana zagaye. Da ya dawo ya ba Inna labari, ni kuwa ina laɓe a bayan ƙyaure. Ya ce ya murɗa famfon da ke bakin ɗakin kwanan 'yan mata ya ga ruwa na zuwa. Ya yi azahar a masallacinsu ya ga sahu ya cika da samari. Ya leƙa laburare ta taga ya ga yara sun duƙufa, ba wanda ya ɗaga kai ya kalli rawaninsa, ya ce wannan ya fi komai kwantar masa da hankali. Sannan ya tsayar da wani ɗalibi da ya ga alamar ya kusa gamawa, ya tambaye shi in da za a mayar da shi farko, ko nan ɗin zai sake zaɓa. Yaron ya ce nan zai zaɓa. Daga nan Baba ya ce wa Inna ta aika a sayo akwatin ƙarfe. Har yau da wannan ma'aunin nake ba mutane shawara. Abin da na ƙara kawai shi ne a tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin a wannan makarantar, kada a gama a ce takardar ba ta aiki.

Wayyo Zariya! Yaya, in na tuna shekarun nan sai in ji kamar wata ce ta yi su ta ba ni labari. Ranar da na shiga ɗaki da akwatina na iske wata doguwa tana shimfiɗa zanen gado. Na yi sallama na ce daga Katsina nake, in ba damuwa zan ɗauki gadon bakin taga. Ba ta bari na rufe baki ba ta tafa hannu ta ce Allah Ya kawo mata baiwa har ɗaki. Ashe Banufiya ce, Fatima 'yar Bida, ta ga abokiyar wasa. Na ce mata ban taɓa jin Banufe ya mallaki ko akuya ba balle mutum, ta faɗi kan gado tana dariya, daga ranar har muka gama ba mu rabu ba. Ita ta koya mini cin abinci da cokali mai yatsu, ni na koya mata dama fura, ko da yake in Inna ta ji haka za ta ce makauniya ta ja makauniya. Kanawan ajinmu kuwa sun sa ni gaba, kullum sai sun ce in ce fari, in na ce hwari su kwashe da dariya. Har na yi zuciya na daina magana a aji, sai da Fatima ta ce in na kuskura na canja harshena saboda Kanawa, ita ce za ta fara yi mini dariya. Ban canja ba, su suka gaji. Kafteriya kuwa tikiti kawai za ki miƙa, da safe shayi da madara ki zuba da hannunki, ranar Lahadi shinkafa da kaza. Har zannuwan gado wanke mana ake yi. Da la'asar mu baje a inuwar itatuwan bedi muna gardamar yadda za a gyara ƙasa, kowa da tasa dabarar, kamar mu ake jira. Yaran sashen zanen gine-gine su ba su da lokacin wannan. Kullum za ki gan su da doguwar rula a kafaɗa, takardu naɗe a hammata, yatsu duk tawada, suna sauri kamar an biyo su. Amma ban taɓa ganin mutanen da ke son abin da suke yi irinsu ba. Nakan bi ta bakin ɗakin zanensu da gangan don in leƙa ƙananan gidajen da suke haɗawa da kwali.

Ba zan yi wa 'yarki ƙarya ba, wancan zamanin ya wuce, kuma a ko'ina ne. Yanzu ɗaliba da rishonta take zuwa da 'yar tukunya, ɗakin da ake kwana biyu a da sai ki iske an cika shi maƙil, ga yajin aiki da ke sa a san ranar shiga amma ba a san ranar fita ba. Muna dai sa rai farar hula za su dubi makarantu. Duk da haka abin da ya sa jami'a ta zama jami'a yana nan, malamin da ya san abinsa da ɗalibar da ke son sani. Ki gaya mata kada ta yi saurin ƙulla ƙawance a makon farko, ta bari ido ya gama gani, ni sa'a na yi da Fatima. Za su yi wa Hausarta ta Fatakwal dariya kamar yadda aka yi wa tawa, kada hakan ya rufe mata baki a aji, ta zauna a gaba ta yi tambaya. Ta san sakataren sashensu da masinja, ta riƙa gaishe su da sunansu. Takardunta na asali kada ta ba kowa ya riƙe mata ko na ɗan lokaci, kwafi ake bayarwa. Duk saurayin da ya tare ta a bakin ofis da fara'a mai yawa ya ce zai taimaka mata da rajista, ta ce ta gode, tana da ƙafa. Irinsu na san su sarai, a gabana suke shawagi kowace shekara, har turare suke sakewa. Ta riƙe sallarta a kan lokaci. Ki kuma saya mata takalmi mara tsini, don tafiyar da za ta sha tsakanin ɗaki da aji ba kaɗan ba ce.

Yanzu bari in ajiye rigar ma'aikaciya. Kin tuna zuwanku gida a damina ta ƙarshe da Baba ya gani, lokacin tana famfara? Baba ya kama hannunta ya kai ta gindin hasumiyar Gobarau. Da suka dawo sai ta je ta tsuguna bayan ɗakin Inna inda ruwan indararo ke zuba, ta kwaɓa laka. Sauran yara suna gina tukwane da 'yan tsana, ita kuwa hasumiya ta tayar, hawa-hawa, ƙasa da faɗi sama a tsuke, har da matakala a gefe da ta tsaga da tsinken tsintsiya. In ta kai sama sai ta rushe ta sake, wai ƙasan bai ɗauki saman ba. Haka ta yini. Ina ɗakin nan ina kallonta ta tsakanin asabari. Ban fito ba, ban ce ta yi kyau ba, ba a haka. Da la'asar kuka tafi gaisuwa Ƙofar Sauri da ita, kuna fita hadari ya taso baƙi ƙirin. Na fito na ɗauki babban daron wankin Inna na kifa a kan ginin, na ɗora dutse, na koma ɗaki. Da kuka dawo ta ruga bayan ɗaki cikin ruwa tana kuka, ta ɗaga daro ta iske abinta a tsaye. Ta je ta rungume Inna tana ta godiya, Inna ta kalle ni, ta karɓi godiyar. Na san har yau ta ɗauka Inna ce. To ba Inna ba ce.

Yaya, ina son ta zo. Na faɗa, tun da takarda ce ba baki ba. Ranar da wasiƙarki ta iso na shiga ɗakin baƙinmu na tsaya ina auna inda gadonta zai zauna da inda za a sa mata tebur. Na yi ta tunanin in ji motsinta da safe a gidana, in ga yadda take ɗaura ɗankwali, in san ko tana son yaji a miya, ƙananan abubuwan da ke kika sani ni ban sani ba. Maigidan ya iske ni tsaye a tsakar ɗakin, ya gane, ya ce in ina so a yi wa ɗakin fenti. Shekarun karatunta duka a gabana, wa zai ƙi? Ba kuma wanda zai zarge ni, makinta zai kai in sha Allahu, ba sai na roƙi kowa ba. Kwanaki na yi ina jan wannan tunani, kuma wallahi da daɗi. Amma na san abin da zai biyo baya, na gan shi a taga ba sau ɗaya ba. Za ta zo saboda ni, ta iske ni yadda nake, mai cewa ke da waccan, don ba yanzu zan canja hali ba. Ta zauna a ajin da ba nata ba, ta yi ta haƙuri saboda tana da kunya irin tamu. Wancan karon ni na kifa daro, wannan karon in na bar ta ta zo ni ce ruwan. Ba zan iya zama a tagar nan wata rana in juya takardarta in iske bayan fari ba.

Ke kin fi kowa sanin wannan al'amari, don ke ce ta farin Baba. Kin taɓa jin ya kira sunanki? Ranar da za a tafi da ke Fatakwal ficewa ya yi daga gidan tun da hantsi, kika yi ta kuka kina cewa bai damu da ke ba. Abin da ba ki gani ba ni na gani. Duk ranar da motocin manja suka iso daga kudu sai ya je tasha, shi da ko miyar manja ba ya sha, ya yi ta tambayar direbobi lafiyar hanya, da ko ruwa ya yi yawa a can, da ko ana zaune lafiya. Ya dawo ya ce wa Inna an ce mutanen kudu suna nan ƙalau. Mutanen kudun nan kuwa ke kaɗai ce. Bai taɓa cewa a dawo da ke kusa ba, alhali da ya buɗe baki da Alhaji bai ƙi ba. Irin son gidanmu ke nan, ba ya kiran suna, ba ya kuma riƙe wa mutum ƙafa. Ina kewar Baba ƙwarai a kwanakin nan, ina ganin sai yanzu na san abin da ke kai shi tasha.

Don haka ga maganata, ta ma'aikaciya da ta ɗaya matsayin duka. Ta sa Zariya a zaɓi na farko, zanen gine-gine. Na biyu ta sa Minna ko Jos, shi ma zanen gine-gine, kada ta raba ƙafa. Sakkwato kuwa kada ta fito a fom ɗin nan ko a gefe. Ta dage da lissafi da fiziks, don nan ake tankaɗe masu neman wannan kwas. In Alhaji ya samu sarari bayan Sallah, ya daure ya kai ta ta ga wurin da idonta, ta murɗa famfo, ta leƙa ɗakin zane, ta tsayar da wata 'yar ajin ƙarshe ta yi mata tambayar Baba. In Allah Ya ba ta, ranar rajista zan nemi izini in zo Zariya. Ba zan shiga layi da ita ba, ba zan yi wa kowa magana ba, ba ta buƙata. Zan tsaya daga nesa a inuwar bedin nan, in ji wani ya leƙo ta taga ya kira sunan da ƙarfi, in ga ta amsa ta matsa. Akwatin ƙarfena yana nan ƙarƙashin gadon Inna, jiya na jawo shi na goge, kwaɗon ma bai lalace ba. Sannan Zariya da Katsina ba nisa. In an yi ɗan gajeren hutu ta taho nan Gobarau wajen Inna, ni kuma ba zan rasa dalilin da zai kawo ni gida a irin wannan lokaci ba.

Inna tana gaishe ki da kyau, ta ce daddawa da kukar da za ta aiko miki naki ne, ba na maƙwabta ba, ta san hannunki. A gaida Alhaji Almu, a yi masa godiyar ɗawainiyar da yake yi, Allah Ya saka masa da alheri. A gaida Sagir in ya leƙo daga Kalaba, a gaida autanki Mudassir, a ce masa ina nan ina jiran ranar da zai gaishe ni da Hausar da ba ta da gishirin Fatakwal. Maigidan ya ce a isar da gaisuwarsa, 'yata Lailatu da ƙannenta ma sun ce a gaida Mama.

Saura mutum ɗaya. Yaya, na san idonki, na san Sagir ba ya gida, Mudassir kuwa rubutun Hausa gardama yake yi masa. Na san muryar da ke fito miki da kalmomin nan tun daga sallama. Da saninta na ɗauki alƙalami, shi ya sa kika ji na yi ta zuba haka, abin da ban taɓa yi ba. To a gaida mai karatu. A ce mata ta share ido ta ƙarasa, saura kaɗan. A ce mata na ga hasumiyar, ta yi kyau, tun ranar ta yi kyau, ta je ta koyi gina wadda ba ta buƙatar daro. In ta iso ƙarshen takardar nan za ta iske wani suna da ita ma bakinta bai taɓa kamawa ba. Kada ki matsa mata, Yaya. Ta yi tari kawai ta miƙa miki, na ji.

Wassalamu alaikum. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Safara'u.